Yadda Ake Yin Godiya Bayan Cin Zaɓen Kwamitin Makaranta a Legas

Ranar da iyayen yara suka zaɓe ni shugaban kwamitin makarantar unguwarmu a Agege, ruwa aka wuni ana tafkawa, irin ruwan Ikko da ke cika kwata har ta malalo kan titi. Duk da haka mutane suka fito. Na ga mata da goyo, takalma a hannu, suna tsallake taɓo. Na ga dattijon da ya bar buhunan albasarsa a kasuwar Mile 12 a hannun yaron shago, ya hau danfo biyu, wato bas ɗin haya, don kawai ya zo ya tsaya a layi. Ba wanda aka ba ko sisi, kuma kujerar da ake zaɓen a kanta ba ta da albashi. Da aka faɗi sakamako na miƙe na ce na gode wa kowa da kowa, na ɗauka na sauke nauyi. Sai da na ɓata ran wata baiwar Allah da ta fi kowa wahala a kaina, sannan na gane cewa "kowa da kowa" ba sunan kowa ba ne. Abin da na koya daga nan shi nake so in shimfiɗa wa duk wanda Allah ya ɗora wa irin wannan nauyi, namiji ko mace.

Kujerun iri-iri ne. A makarantun gwamnati akwai kwamitin da ake kira SBMC, wanda ke haɗa hedimasta da wakilan malamai, iyaye, mata, masu sana'a, malaman addini da masu sarauta. A firamaren gwamnati a nan Legas, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato LASUBEB, ita ke sama, sai ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 20. Akwai majalisar iyaye. Akwai kuma kwamitocin Islamiyyu da makarantun al'umma da Hausawa suka tayar da karo-karo a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da sauran zangonni. Ko wacce ka ci, masu zaɓenka ba baƙi ba ne. Sahu ɗaya kuke tsayawa da asuba, a wajensu matarka ke sayen kayan miya, kuma 'ya'yanku benci ɗaya suke zama. Ɗan siyasa yakan buga fasta ɗaya ta godiya ya ɓace sai bayan shekara huɗu. Kai ba ka da wurin ɓuya, kuma bai kamata ka nema ba.

Kafin a watse daga filin zaɓe

Godiyar farko a nan take ake yin ta, kuma gajeriya ce. Ka yi hamdala, ka yi salati, sannan ka bi wannan jeri: waɗanda suka gudanar da zaɓen, sai abokin takararka, sai duk wanda ya bar sana'arsa ya zo, wanda ya zaɓe ka da wanda bai zaɓe ka ba. Ka faɗi wannan na ƙarshe ƙarara, da bakinka, kowa ya ji. Kada ka wuce minti uku, domin mata na son komawa gida kafin magariba, masu nisa kuma na tunanin cunkoson hanya.

A wannan wuri kada ka fara kiran sunayen waɗanda suka taimake ka. Kanka a cike yake, dole ka manta wani, kuma mantuwar da aka yi a gaban jama'a ta fi ciwo. Ka ce musu kawai za ka zo har gida.

Kana gamawa, ka taka da ƙafarka zuwa inda abokin takararka yake, kada ka jira shi ya zo. Ka ba shi hannu biyu. In ya girme ka, ka rusuna. Ka gaya wa matasanka tun kafin a ƙirga ƙuri'a cewa ba ihu, ba ɗaga ka sama, ba jerin gwanon babura a unguwa, ba habaici a kan kowa. Wannan ya fi muhimmanci in an yi zaɓen ne ƙato bayan ƙato, kamar yadda aka saba a yawancin makarantunmu, domin kowa ya ga wanda ya tsaya bayan wane. Akwai mutumin da ya tsaya bayan abokin takararka saboda surukinsa ne ko maigidansa a kasuwa, kuma yana kallon fuskarka ya ga ko ka ƙullace shi. Shi za ka fara yi wa murmushi.

Sannan kada ka riga kowa tafiya. Ka tsaya a kwashe kujeru, a share fili, a mayar da benci cikin aji yadda yara za su same su da safe. Ka ɗauki kujera biyu da hannunka. Ka yi wa Baba maigadi sallama ta musamman kafin ka fita, domin shi ya buɗe ƙofa tun hantsi, shi zai rufe bayan kowa ya tafi.

A daren nan: littafin sunaye

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma a nan na yi tuntuɓe. Ka sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Kada ka kwanta sai ka fara cika shi, domin abin da ka tuna yau, jibi ya gudu. Ka raba kowane shafi gida uku: suna, abin da mutum ya yi takamaimai, da yadda za a gode masa, wato ziyara ko kira ko takarda.

Kada ka zauna kai kaɗai. Ka samu mutum biyu: ɗaya daga cikin matasan da suka yi zirga-zirga, ɗaya kuma mace, uwargidanka ko yayarka ko shugabar matan Islamiyya. Dalili shi ne rabin aikin zaɓen makaranta a cikin gidaje ake yin sa, inda kai namiji ba ka shiga. Uwa ce ta san ranar da ɗanta ya dawo ya ce rufin ajinsu na yoyo, ita ce ke tashin maigida ya je taro, kuma mata ne ke bi ɗaki ɗaki a gidajen haya suna gaya wa juna.

Sunayen manya ba sa ɓacewa, su suke fara zuwa baki. Waɗanda ake mantawa su ne mai Keke Marwa da ya yi ta jigilar tsofaffi bai karɓi kuɗin mai ba, da ladanin da ya yi sanarwa bayan sallar isha'i har dare uku, da yaron da ya buga takardun gayyata a shagon maigidansa, da wanda ya ba da aron janareto da lasifika, da matar da ta riƙe wa maƙwabtanta yara don su samu fita, da mai shayin da ya bar teburinsa ya zama wurin taronku na dare. Ka tambayi kowa da ka rubuta: wa ya taimake ka kai ma? Ta wannan tambaya za ka gano mutanen da ba ka ma san sun yi maka aiki ba.

Ni ban yi haka ba. Bayan mako guda na shirya 'yar walima, na miƙe na jero sunaye da ka. Akwai wata dattijuwa mai koko da ƙosai a bakin makarantar, jikokinta uku na karatu a ciki. Ashe ita ce ta bi gidajen layinmu da na bayansa da tocila bayan isha'i, dare bayan dare, tana shaida wa mata ranar zaɓe. Tana zaune a bayan rumfa ranar walimar, har ƙosan da aka ci ita ta soya, kuma ban ambace ta ba. Washegari ta gaishe ni kamar kullum. Sai da yamma 'yarta ta ce wa matata: "Inna ta ce ashe ita ba ta yi komai ba." Na je na same ta tana wanke kasko, na durƙusa na ce: "Inna, na zo neman gafara." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: "Tashi, ɗan nan. Don jikokina na yi, ba don a kira sunana ba. Amma mutum yana so a san ya yi." Ta yafe, sai dai har yau in na tuna da tocilar nan sai jikina ya yi sanyi.

Kafin a kwana biyu: saƙo ga jama'a duka

Cikin awa 24 ya kamata saƙonka ya isa ga duk iyaye. Saƙon murya ya fi rubutu shiga, domin da yawa daga iyayenmu sun fi sakewa da sauraro, kuma murya tana ɗauke da abin da rubutu ba ya ɗauka. Ka nemi wuri shiru, nesa da ƙarar janareto da hon ɗin motoci, ka tsara maganar a ranka, kada ta wuce minti ɗaya da rabi. Ga misalin yadda za ta iya kasancewa, ka sauya ta da kalmominka:

"Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ni ne wane, baban wance ta aji huɗu. Na kira ne in yi godiya ga duk wanda ya bar kasuwarsa ko aikinsa ko girkinsa ya fito jiya saboda yaranmu. Wanda ya zaɓe ni na gode, wanda ya zaɓi ɗan'uwana ma na gode, duk don makaranta ɗaya muka fito. Amana kuka ba ni, ku taya ni da addu'a da shawara, in na karkace ku gyara mini. Wannan ita ce lambata. Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a."

Ka lura ba alkawari a ciki. Ranar murna baki yakan yi sauri, mutum ya ce zai gina aji uku kafin sallah, alhali bai ga littafin kuɗin makaranta ba tukuna. Alkawari kaya ne, kada ka ɗauki wanda ba ka auna ba.

Ka tura saƙon a zauren WhatsApp na iyaye sau ɗaya, kada ka yi ta maimaitawa. Kada ka dogara da sitatus, awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba kowa ke dubawa ba. In za ka yi amfani da jerin nan na tura saƙo ga mutane da yawa lokaci guda, ka sani cewa ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Masu ƙaramar waya kuwa, kira ne nasu, ko sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a da izinin liman, da kuma a Islamiyyar matan aure.

In makarantar na da 'ya'yan Yarbawa da Ibo da sauran maƙwabta, kuma yawanci a Legas haka ne, ka yi saƙo na biyu da Turanci ko buroka, a rana ɗaya da na Hausa, kada ya zo daga baya kamar an tuna da su ne da kyar. Yarbawa suna da wata al'ada da na daɗe ina sha'awa: in ka yi wa mutum alheri yau, gobe da ya gan ka sai ya ce "E she ana", wato an gode da na jiya. Godiyar ranar ba ta wadatar ba sai an kwana an sake. Ka koyi wannan kalma, ka faɗa wa Mama mai shago da Baba mai gidan haya washegarin zaɓe, ka ga yadda fuskarsu za ta buɗe.

Abu biyu a kiyaye. Kada ka saka hoton matan mutane ko yaransu a Facebook da sunan godiya ba tare da izini ba. Kuma lambobin wayar da aka tattara saboda zaɓe amana ce: ba na tallan hajarka ba ne, ba kuma na miƙa wa kansila ko wani ɗan takara ba ne in siyasa ta zo. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko babu doka, kunya ta isa.

Makonni biyu na farko: zumunta a ƙafa take

Saƙo share fage ne. Godiyar da ke zama a zuciya ita ce wadda aka cire takalmi a ƙofar gida aka yi. Ka buɗe littafinka ka tsara ziyara, gida uku ko huɗu a rana, kada ka cika wa kanka har ka riƙa duba agogo a gaban mutane.

Jerin yana da muhimmanci, domin unguwa na lura da inda ka fara. Ni shawarata, gidan abokin takararka ya zama na farko ko na biyu. Ka tafi da dattijo ɗaya da ku biyun kuke girmamawa. Kada ka je da nasiha, ka je da tambaya: "Yaya, abin nan da ka faɗa a kan makarar malamai, yaya kake ganin za a ɓullo masa?" Mutumin da ya tsaya takara ya yi tunani a kan makarantar fiye da yawancin waɗanda suka zaɓe ka. In akwai ƙaramin kwamiti da zai iya riƙewa, ka kai maganar gaban sauran 'yan kwamiti, kada ka yi masa alkawari kai kaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na ga makarantar al'umma da ta rabu biyu saboda zaɓen da aka gama ba a je an gaisa ba.

Daga nan sai fadar Sarkin Hausawa ko mai unguwa, da liman. Wajensu ba dogon bayani ake yi ba: "Ranka ya daɗe, mun zo godiya da neman albarka," "Allah gafarta Malam, a ci gaba da sa mu a addu'a." Kada ka tsallake Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa, domin ranar da za a nemi gyaran kwatar gaban makaranta ko maganin 'yan iskan da ke taruwa a bayan katanga, su za a nema. Sai hedimasta da malamai. Su ba su yi maka kamfe ba, kuma bai dace su yi ba, saboda haka godiyarka gare su a kan ɗawainiyar yara ce da karɓar baƙuncin zaɓe. Ka je ofis a lokacin tara ko bayan an tashi, kada ka fitar da malami daga aji don ka gaishe shi.

Sauran kwanakin na masu sa kai ne, kuma a Legas sanin lokacin mutum rabin girmama shi ne. Ɗan kasuwar Mile 12 ba a zuwa masa da asuba, lokacin da motocin tumatir da albasa ke sauke kaya daga Arewa. Ka bari sai bayan azahar, ciniki ya lafa. Mahautan Oko-Oba ma da safe hannunsu a cike yake. Masu keke da direbobi sai dare ko bayan Juma'a. Masu gadi kuwa da rana suke barci, ka same su da la'asar. In mutum na zaune nesa, ka lissafa cunkoso: fita daga Agege ta wajen gadar Pen Cinema da yamma na iya cinye maka abin da ka ware wa gida biyu. In ta wajen Mushin ko Oyingbo za ka, jirgin ƙasan Jan Layi da ya fara aiki a 2024 yana tsayawa a Agege, ka duba lokacinsa. Gidajen matan aure kuma, ka tura uwargidanka ko ku tafi tare, ka nemi maigidan tukuna, ka gode masa shi ma da ya bar iyalinsa suka fita.

Me za ka riƙe a hannu? Abu kaɗan. Goro 'yan ƙwarya ga dattawa, dabino, ko burodin Agege mai zafi ga gida mai yara. Goro yana da wata daraja ta daban a wajenmu mutanen Agege, domin fataucinsa na cikin abin da ya zaunar da kakanninmu a wannan zango, musamman bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a farkon ƙarnin da ya wuce. Dattijon da ka miƙa wa goro ya san abin da kake nufi tun kafin ka buɗe baki.

Amma abin da ya fi goron shi ne ka ambaci aikin mutum da sunansa. "Na gode da ƙoƙari" kowa ana gaya masa. Ka ce: "Malam, an gaya mini sawu shida ka yi da kekenka cikin ruwan nan, har ka ɗauko Baba daga bakin layin dogo. Allah ya saka maka da alheri." A nan ne gida na biyu na shafin littafinka, wato abin da mutum ya yi, ke aiki. Ka rufe da addu'a, domin ya zo a hadisi cewa wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai shi "jazakallahu khairan", to ya kai matuƙa wajen yabo. Sannan ka yi shiru ka saurara. Kusan kowane gida za a gaya maka wani abu game da makarantar da ba a faɗa a taro: malamin da ke duka fiye da kima, banɗakin 'yan mata da ba ƙofa, yaron da ya daina zuwa saboda ba takalmi. Kana fita ka rubuta a bayan littafin.

Maganar kuɗi, da masu zuwa karɓar tukwici

A nan ake zamewa, saboda haka a bi a hankali. Akwai bambanci tsakanin mayar wa mutum abin da ya kashe da biyan sa ladan zaɓe. Wanda ya sa mai a kekensa, ko ya ƙona katin waya yana kira, ko ya biya kuɗin buga takarda, ka tambaye shi a keɓe nawa ya kashe, ka mayar masa daga aljihunka. In ya ce ya yi don Allah, kada ka matsa har ka ɓata masa lada. Ka karɓa da godiya, ka riƙe a ranka, wata rana kai ma ka yi masa rana. Matasa marasa aiki su ne suka fi jin kunyar faɗa, su za ka fi bincika.

Ko kwabo na makaranta kada ya shiga wannan. Kuɗin asusu na alli ne da benci da rufi. Haka kuma kada ka bari magoya bayanka su bi iyaye suna karɓar kuɗin walima ko na taya murna. A makarantar gwamnati abin ya fi muni, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma wajibi, kuma duk wani karɓe-karɓe da sunan kwamiti zai iya jawo wa hedimasta tambaya daga sama a kan abin da bai sani ba.

Za a zo maka, wannan tabbas ne. Wani zai ce a ba shi aikin fenti ko ɗinkin yunifom, wani a yafe wa ɗansa kuɗin zango, wani a ɗauki ƙanwarsa koyarwa. Kuma mai roƙon yakan zama wanda ya fi kowa yi maka wahala. Kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka ce "za mu gani" alhali ka san ba za a gani ba. Ni abin da nake faɗa shi ne: "Alhaji, alherinka a wuyana yake, ni zan biya da abin da na mallaka. Amma wannan na yara ne, ba nawa ba. In aikin ya taso za a sanar a fili, ka kawo farashinka kamar kowa, kuma ranar da za a duba naka ni zan fita daga ɗakin." Zai ji zafi a ranar. Amma in ka ba shi, ka sayar da amanar duk sauran da suka tsaya a ruwa ba su nemi komai ba. In kuma da gaske ɗansa na cikin halin rashi, ka kai maganar kwamiti a matsayin maganar marasa hali duka, a sa ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan ɗan wanda ya zaɓe ka da ɗan wanda bai zaɓe ka ba.

Walima da takarda

Walima ba dole ba ce. In za ka yi, ta zama ƙarama, daga aljihunka, a ƙofar gidanka ko harabar masallaci, kada a yi ta a makaranta don kada a ɗauka bikin ɓangare ɗaya ne da kayan kowa. A yi karatun Alƙur'ani, a yi addu'a ga yara da malamai, a ci abin da ya sawwaƙa. Ka gayyaci abokin takararka ka zaunar da shi kusa da kai. In za a kira sunaye, daga littafi za a karanta, bayan mutum biyun nan sun sake dubawa, kuma a tabbatar lasifika na kaiwa ɓangaren mata.

Ga matasa kuwa, akwai abin da ya fi shinkafa amfani: takardar shaida. Shafi ɗaya da Turanci, mai ɗauke da sunan yaro, aikin da ya yi wa al'umma, kwanan wata da sa hannunka. Ka rubuta gaskiya kawai, kada ka ƙara gishiri. In za a sa hatimin makaranta, sai da yardar hedimasta da kwamiti, kuma a kan aikin da aka yi wa makaranta ne, kamar shirya fili da rajistar iyaye, ba kamfe ɗinka ba. Yaron da ke neman aiki a Ikeja ko Apapa zai iya haɗa ta da takardunsa.

Ƙarshen zangon farko

Bayan wata uku murna ta wuce, mutane sun koma harkokinsu, kuma a lokacin ne suke duba ko fitowarsu cikin ruwa ta yi rana. Kafin a ba da hutun zango, ka roƙi kwamiti a kira taron iyaye. Ka shirya shafi ɗaya: nawa aka tarar a asusu, nawa ya shigo, nawa ya fita da rasit ɗinsa, me aka gyara, me ya gagara da dalilinsa. Ma'aji ya karanta lissafin da bakinsa, a fassara wa wanda ba ya jin Hausa, a manna kwafi a allon sanarwa. Koke-koken da ka rubuta a bayan littafi lokacin ziyara, ka faɗi inda aka kwana a kan kowanne ba tare da ka ambaci wanda ya kawo shi ba.

A wannan taro ne kuma za ka sake neman masu sa kai, domin wanda aka gode wa sannan aka sake nemansa ya san ba don ƙuri'a kaɗai aka san shi ba. Wani zai karɓi tsallakar da yara titi da safe, wata za ta karɓi bin gidajen da yaransu suka daina zuwa, wani kafinta zai ce a kawo masa bencin da suka karye ranar Lahadi. A namu taron, Inna mai ƙosai ce ta karɓi bin gidaje, kuma a sahun gaba na sa aka ajiye mata kujera.

Kwana uku kafin taron, ka sake buɗe littafin sunayen nan, ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu rana da lokaci. Ka fara da waɗanda ba su da WhatsApp.